Tsuntsaye miliyoyi da ake saki don a harbe a Birtaniya: farauta ce ko kiwo?

Aminu (Norfolk): Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai wata magana da ta daɗe tana tayar da jijiyar wuya a ƙauyukan da ke kewaye da mu, na ce bari in kawo ta zaure, tunda wasunmu na cin naman, wasu kuma har ɗan aiki suke samu a harkar. Maganar fezan ce, tsuntsun nan mai doguwar jela da jan fuska, dangin zabo da makwarwa. Duk shekara ana ƙyanƙyashe shi a gonaki, a raine shi, a kai shi daji a watan Yuli da Agusta, sannan daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu masu hali su zo su biya su harba. Ƙiyasin shekarar 2016 na GWCT, ƙungiyar bincike kan farauta da namun daji wadda ita kanta tana tare da masu harbin, ya ce fezan miliyan 47 da makwarwa mai jan ƙafa miliyan 10 ake saki a shekara. Wani ƙiyasin da ya biyo baya ya ce fezan ɗin wajen miliyan 31 da rabi ne. Tazarar da ke tsakani ta haura miliyan 15, kuma dalilin shi ne a mafi yawan ƙasar nan ba ka neman izinin kowa kafin ka saki.

Abin da ake son canzawa ke nan. A Ingila tun 2021 sai da lasisi ake saki a wuraren da doka ta keɓe don kare halittu, da kuma mita 500 kewaye da su. A Wales hukumar kula da albarkatun ƙasa ta kawo shawarar a sa lasisi a ko'ina. Ga kuma hana harsashin dalma, ga maganar zomo da tarkon zarge. Ni dai a ganina duk wanda ya saki tsuntsu dubu goma a daji makiyayi ne, ya kamata hukuma ta san shi, ta san adadin, ta san wurin. Me kuka gani?

Musa (Doncaster): Wa alaikumus salam. Yaya Aminu, ni direban babbar mota ne, kuma ba zan ɓoye maka ba, daga Satumba hanyoyin Yorkshire cike suke da gawar tsuntsun nan. Amma ka yi hattara da maganar lasisi. Masu kawo ta da yawansu ba gyara suke so ba, so suke a kashe sana'ar baki ɗaya, su fara da takarda su ƙare da hani. Ni nake kai buhunan abincin tsuntsayen nan ƙauyuka. Da sanyi idan masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa, masaukin baƙi da gidan abinci da mai gyaran mota duk da 'yan harbi suke rayuwa. Rahoton da suka fitar a 2024 ya ce harkar harbi na kawo fam biliyan 3.3 a shekara.

Aminu (Norfolk): Musa, rahoton nan ƙungiyoyin masu harbin ne suka sa a yi shi, kuma ya haɗa har da masu harbin faifan yumɓu a fili, waɗanda ba ruwansu da tsuntsu mai rai. Ban ce babu abinci a ciki ba. Cewa na yi a ƙirga.

Hajiya Rabi (Bradford): Ku tsaya tukuna 'ya'yana. Ni maƙwabcina Bature yakan kawo min guda biyu ɗaure da igiya duk Disamba, ina karɓa don kada ya ji ba daɗi, in ba wata. Ashe ma ba na daji ba ne, kiwata su ake yi?

Ɗanladi (Shropshire): Hajiya barka da yamma. Bari in ba ki labari da idona, don ina karatun noma a nan kuma ranar Asabar nakan je aikin kora. Tsuntsayen suna da mako 6 zuwa 8 ake kawo su, a zuba su cikin wani shinge na waya a tsakiyar kurmi, sama a buɗe. Akwai ruwa, akwai durom-durom shuɗaye cike da alkama. A hankali suna tsallake wayar suna yawo, da yamma su dawo ci. Mai kula da su kullum yana zagayawa a kan babur mai ƙafa huɗu, har ya zama da sun ji ƙarar babur ɗin sai ki ga sun biyo shi da gudu.

Ranar harbi da sassafe ake loda mu a tirelar tarakta. Kowa da sanda, wasu da tuta da aka yanka daga buhun abinci. Mu jeru a bakin gonar masara da aka bari ba a girbe ba don su, mu riƙa tafiya a hankali muna bubbuga sanda. Masu bindiga takwas ko tara suna can ƙasan kwari, kowa a tsaye gaban turkensa mai lamba. Tsuntsayen na gudu a gabanmu har su ƙure, sai su tashi su bi ta saman kawunan masu bindiga. Karnuka na baya suna kwasowa. Da aka busa ƙaho kowa ya sauke bindiga. A ƙarshe a ɗaure su bibbiyu a rataye a mota, a ƙirga, domin da kai ake biya, kowane tsuntsu fam 40 ko fiye. Mu 'yan kora a ba mu abincin rana da ɗan abin da bai wuce kuɗin tsuntsu ɗaya ba. Mutanen kirki ne wallahi, ba su taɓa nuna min bambanci ba, har wurin salla suke ba ni a rumbu. Amma a farkon kaka tsuntsun da ka kora jiya yana bin babur, zuciyata ba ta yarda wannan farauta ce.

Baba Garba (Landan): Ɗanladi, Allah ya yi maka albarka, ka kawo abin yadda yake. Mahaifina maharbi ne a ƙasar Ningi. Farauta a wurinmu sai an kawar da amfanin gona, rani ya shiga, Sarkin Baka ya ba da rana. Da damina ba mai shiga, ciyawa ta yi tsawo, dabba na da ciki ko tana shayarwa. Kuma mutum yakan wuni yana bin sawu ya dawo da zomo ɗaya ko ya dawo hannu rabbana. Wannan da ake tsayawa a turke a koro maka, ban san sunan da zan ba shi ba.

To amma ku saurare ni, kada ku yi saurin zagin mutanen nan. Yau ku je inda mahaifina ya yi farauta. Zabon daji ya yi wuya, barewa sai labari. Ba wanda ya saki tsuntsu ko ɗaya a can, daji ne ya ƙare: an sare, an ƙone don gafiya, an nome. Dokar namun daji ta 1963 ta tsohuwar Jihar Arewa tana nan a takarda, wa ya bi ta? A nan kuwa attajiri yana barin kurmi a tsaye, yana dasa shinge na itatuwa, saboda yana son tsuntsunsa ya sami mafaka. Ko da niyyarsa nishaɗi ce, kurmin dai ya tsira.

Musa (Doncaster): Allah ya ƙara girma Baba. Abin da nake nufi ke nan.

Dakta Zainab (Bristol): Baba, Allah ya ja kwana, maganarka gaskiya ce kuma bincike ya tabbatar da ita. Gonakin da ake shukawa a bar wa fezan suna ciyar da ƙananan tsuntsaye da sanyi, kurmin da ake kula da shi yana samun haske. Matsalar tana wajen yawa. Ni likitar dabbobi ce, bari in faɗi abin da ya dame ni.

Cikin tsuntsayen da ake saki, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ake harbewa. Sauran mota ta take, cuta ta kashe, ko yanyawa ta cinye. Miliyoyin gawa ke nan ana zuba wa masu cin nama duk shekara, shi ya sa masana da yawa ke zargin hakan na ƙara yawan yanyawa da hankaki, su kuma idan bazara ta zo su koma kan ƙwai da 'ya'yan tsuntsayen ƙasar masu sheƙa a ƙasa. Wani bincike na 2021 ya nuna a watan Agusta nauyin fezan da makwarwar da aka saki ya kai kusan rabin nauyin dukkan tsuntsayen dajin Birtaniya. A cikin shingen da aka cusa su da yawa kuwa, kashinsu na canza ƙasar, su tattake furannin kurmi, su cinye ƙwari. Ita kanta GWCT ta daɗe tana ba da shawarar kada a wuce 1,000 a hekta ɗaya ta shinge, ko 700 a tsohon kurmi. Wannan adadin ne gwamnati ta ɗauka ta sa a lasisin 2021, bayan ƙungiyar masu rajin kare namun daji, Wild Justice, ta su Chris Packham da Mark Avery da Ruth Tingay ta kai ta kotu. Wato abin da aka mayar doka shawarar masu harbin ce da kansu. Wanda yake binta tun asali ba abin da ya rasa.

Aminu (Norfolk): Dakta, ki yi musu bayanin matsayin tsuntsun a doka, shi ne ya fi ɗaure min kai.

Dakta Zainab (Bristol): Yauwa Malam Aminu. Muddin yana cikin keji ana ciyar da shi, dabbar kiwo ne, mai shi ne ke da alhakinsa. Da zarar an sake shi ya zama tsuntsun daji, ba na kowa ba. Idan ya fasa maka gilashin mota ko ya cinye maka shuka ba ka da wanda za ka kama. Idan kaka ta ƙare aka kamo waɗanda suka rage don su yi ƙwai, sun sake komawa dabbar kiwo.

Ku auna wannan da murar tsuntsaye. Tun 1 ga Oktoban 2024, a Ingila da Wales ko kaza ɗaya gare ka a bayan gida sai ka yi mata rajista. Idan cutar ta yi tsanani a ce kowa ya kulle kajinsa a ɗaki. Amma fezan da aka riga aka saki wannan umarni bai hau kansa ba, yana yawo yana cuɗanya da agwagin ruwa. Ana hana saki ne a kewayen gonar da cutar ta ɓulla. A 2023 sai da gwamnati ta cire wuraren kare tsuntsaye daga lasisin bai-ɗaya, wato wanda ya rufe kowa ba sai an nema ba, ta ce kowa ya nemi nasa daban, masu harbi suka yi ta ƙorafi don an sanar a makare bayan sun riga sun yi odar 'yan tsaki. A nan ina ganin suna da gaskiya, ba a yi wa mai kiwo haka. Kuma ku tuna 2022, da cutar ta afka wa yankin Vendée na Faransa inda ake sayo kaso mai yawa na ƙwai da 'yan tsakin, gonakin harbi da dama a nan ba su buɗe ba. Mu da muka ga abin da ya sami masu kaji a Kaduna da Kano a 2006 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani.

Musa (Doncaster): Dakta, to ai kin faɗa da bakinki. An sanar a makare, mutane sun yi asara. Gobe idan lasisi ya game ko'ina, wani ma'aikaci a ofis da bai taɓa taka taɓo ba shi zai riƙe abincin mutane a aljihun teburinsa.

Lawali (Bangor): Sannunku da hira. Ni ɗan Maraɗi ne, ina karatun muhalli a Wales, abin a gabanmu aka yi. Yaya Musa, shawarar da aka kawo a 2023 ba ta ce kowa ya je ofis ba. Kashi biyu ce. Wanda ke nesa da wurare masu rauni kuma bai wuce adadin nan na hekta ba, lasisin bai-ɗaya ya rufe shi, ba sai ya cike takarda ba. Wanda ke ciki ko kusa, ko yake son ya wuce adadin, shi ne zai nema. An karɓi ra'ayoyi sama da 42,000, abin ya yi zafi har gwamnati ta ɗage lokacin farawa. Tsoron mutanen karkara yana da tushe, domin hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Wales ta riga ta daina ba da filayen gwamnati don harbin fezan tun 2019, kuma Wales ce ta fara hana tarkon zarge a Oktoban 2023, Sikotland ta biyo a Nuwamban 2024. Suna ganin ana matse su ta ko'ina. Amma in ka karanta takardar kanta, ƙananan ƙungiyoyin ƙauye masu sakin ɗari biyu ko uku ba su ne abin hari ba. Manyan 'yan kasuwa ne masu harbe ɗaruruwa a rana, kwana shida a mako.

Baba Garba (Landan): Kwana shida? Ban da wace rana?

Lawali (Bangor): Lahadi, Baba. Dokar 1831 ta hana harbin irin waɗannan tsuntsaye ranar Lahadi da ranar Kirsimeti a Ingila da Wales, har yau tana aiki. Yawan ma ba sabon abu ba ne wajen sarakuna, a Disamban 1913 Sarki George na Biyar da tawagarsa sun harbe fezan 3,937 a rana ɗaya. Bambancin shi ne da can gidaje ƙalilan ne ke yi, yanzu ya zama kasuwa.

Hajiya Rabi (Bradford): Ni duk wannan lissafin na bar muku. Aminu ya ambaci dalma, a nan hankalina ya tsaya. Ni 'yar Anka ce. A 2010 na je gida na ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukanmu, su Bagega da Dareta, yara sama da 400 suka rasu a jihar, waɗanda suka rayu wasu har yau ba su dawo daidai ba. Uwa tana riƙe da ɗa yana jijjiga ba ta san ƙurar dutsen zinariyar da ake daka a tsakar gida ce ba. Yanzu ku ce min naman da nake miƙa wa baiwar Allah mai yara ƙanana da dalma aka harbe shi? Innalillahi.

Dakta Zainab (Bristol): Hajiya, kwantar da hankalinki, yawan ba ɗaya ba ne da na Zamfara ko kusa, cin sau ɗaya a shekara ba zai yi wannan ba. Amma damuwarki a kan hanya take, domin dalma ba ta da adadin da za a ce lafiya lau ne ga yaro. Ƙwayoyin harsashin suna farfashewa a cikin tsoka, ƙanana ƙwarai, ko kin tsince waɗanda ido ke gani saura na nan. Tun 2012 hukumar kula da ingancin abinci ta ce masu yawan cin irin wannan nama su rage, musamman masu ciki da ƙananan yara. Agwagin ruwa kuma suna haɗiye ƙwayoyin da suka zuba a ƙasa suna zaton tsakuwa ce, an ƙiyasta 50,000 zuwa 100,000 ke mutuwa a shekara.

Ga abin da ya sa ni ban yarda da a bar mutane su gyara da kansu ba. A Fabrairun 2020 ƙungiyoyi tara na masu harbi da masu filaye suka yi alkawarin barin dalma cikin shekara biyar ba tare da doka ba. Masu bincike na Jami'ar Kambirij suka riƙa sayen fezan a shaguna duk kaka suna ciro ƙwayoyin suna aunawa. A kakar 2024 zuwa 2025, wato ƙarshen wa'adin, kashi 99 cikin ɗari dalma ce. Sai a Yulin 2025 gwamnati ta sanar za ta hana, da wa'adin shekara uku na sauyawa. Denmak ta hana tun 1996 kuma har gobe suna farauta da harsashin ƙarfe.

Musa (Doncaster): A kan dalma ba ni da ja, Hajiya ta gama magana. Sun yi alkawari ba su cika ba, su suka ja wa kansu. Maganar zomo ma na yarda.

Ɗanladi (Shropshire): Wace maganar zomo, Yaya Musa?

Musa (Doncaster): Zomon daji, babban nan mai dogon kunne. A Ingila ba shi da lokacin hutu, duk shekara ana iya harbinsa. Dokar 1892 sayar da shi kawai ta hana daga Maris zuwa Yuli. Kuma manyan harbe-harbensa a Fabrairu ake yi da an rufe na fezan, daidai lokacin da matan suka fara ɗaukar ciki, wasu na shayarwa, a kashe uwa 'ya'ya su mutu da yunwa a gona. A Sikotland an hana daga 1 ga Fabrairu zuwa 30 ga Satumba. A ƙarshen 2025 gwamnati ta ce za ta kawo irin wannan a Ingila. Abin da Baba ya ce maharban Ningi na yi ne tun kaka da kakanni.

Hajiya Rabi (Bradford): Malam Isiyaku yana nan kuwa? Allah gafarta Malam, naman nan ya halatta mu ci?

Malam Isiyaku (Manchesta): Ina nan Hajiya, ina bin ku tun farko. Farauta halal ce, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi maganar abin da dabbar da aka horar ta kamo. Malaman baya sun halatta abin da harsashi ya huda ya zubar da jini, idan maharbi ya ambaci sunan Allah lokacin harbi. In an riske shi da sauran rai, dole a yanka. Wanda maƙwabcinki ke kawowa kuwa, a mashhurin mazhabar Malikiyya ana sharɗanta maharbi ya zama Musulmi, ko da yake wasu mazhabobin sun halatta farautar Ahlul Kitabi. Tunda ba ki san ko an ambaci sunan Allah ba, kuma waɗanda suka faɗo da rai murɗe musu wuya ake yi ko a buga musu sanda a ka, barinsa ya fi.

Wani abu ya ja hankalina a bayanin Dakta. Tambayar da dokar ƙasar nan ke juyawa yadda ta ga dama, fiƙihu ya daɗe da tsayawa a kanta. A Risala an ce dabbar gida ba a cin ta da abin da ake cin farauta da shi, sai yanka. Abin dubawa shi ne iko: abin da hannunka zai iya kaiwa gare shi ba a harbinsa a ce an yi farauta. Fezan asalinsa na daji ne, idan ya watsu ya gagari kamu hukuncin farauta ya hau kansa. Amma wanda Ɗanladi ya ce yana bin babur, a shinge ko a bakin shinge, wannan yanka ne haƙƙinsa. Sannan a nan Risalar aka ce farauta don wasa makaruhi ce. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Ban ce wannan shi ne wancan kai tsaye ba, tunda ana cin naman. Sai dai duk inda aka harbe abin da ya fi ƙarfin ci har aka binne ko aka zubar, an shiga ɓarna.

Musa (Doncaster): Allah gafarta Malam, ba duka ake zubarwa ba. Akwai ƙungiyar Country Food Trust da ke dafa naman tana raba wa mabuƙata, na taɓa ɗaukar kayansu.

Malam Isiyaku (Manchesta): Madalla da su, Allah ya sa a ƙara. Wannan ya rage ɓarnar da ke bayan harbi. Ta gaban harbi, wato kashi biyu cikin ukun da Dakta ta ce suna mutuwa a titi da daji, tana nan.

Aminu (Norfolk): Musa, to yanzu ka yarda da dalma, ka yarda da zomo. Me ya rage a lasisin? Hujjar da ta sa ka yarda da ta dalma ita ce an bar su su gyara ba su gyara ba. Adadin 1,000 a hekta ma, in ban da wuraren da doka ta keɓe da kewayensu, shawara ce da aka bar wa kowa ya bi in ya ga dama.

Musa (Doncaster): Abin da ya rage shi ne wa zai riƙe alƙalamin. A yi rajista, kowa ya faɗi nawa ya saki da inda ya saki, a hukunta wanda ya wuce adadi, na sa hannu. Amma takardar da za a iya hana ka a watan Mayu bayan ka biya kuɗin 'yan tsaki a Fabrairu, ban yarda da ita ba sai an rubuta a doka ranar da dole hukuma ta ba da amsa.

Lawali (Bangor): Wannan sharaɗin mai kyau ne Yaya Musa, kuma irinsa ake so a rubuta idan an buɗe jin ra'ayin jama'a. Ba sai ɗan ƙasa ba, duk mazaunin nan yana iya aikawa ta intanet. In an buɗe wani zan sanar a nan.

Ɗanladi (Shropshire): Allah gafarta Malam, tambaya ta ƙarshe. Idan kare ya kawo wanda bai mutu ba na karɓa na yanka da bisimilla, zan iya ci?

Malam Isiyaku (Manchesta): Idan da rai tabbatacce a jikinsa, yana motsi da ƙarfi, jini ya zuba da ka yanka, kuma harsashin bai riga ya fasa masa wata makasa ba kamar ƙwaƙwalwa ko hanji, ka ci. Amma ka fara neman izinin mai kula da wurin, kuma ka kiyaye dokar ɗaukar wuƙa ta ƙasar nan.

Dakta Zainab (Bristol): Ɗanladi, ƙaramar wuƙa mai naɗewa wadda ba ta kullewa, tsawon bakinta bai wuce inci 3 ba, ita doka ta yarda ka sa a aljihu. Kuma ka tambaye su ko da harsashin ƙarfe suke harbi a wurin. In dalma ce, ka yanke naman da ke kewaye da raunin da faɗi ka zubar, kada kuma ka ba yara ko mai ciki.